Gizo 1550: inda aka kwana a aikin littafin zanena

17 ga Nuwamba 2024

Yau dai na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da fensir uku da bik, wato biro, baƙi, na rubuta kwanan wata a shafin farko don kar in sake halina na fara abu da zafi bayan sati biyu in watsar. Aikin shine bede, wato littafin labari na zane-zane, shafi 24, da Hausa zalla, jarumin kuma Gizo ne. Eh Gizon dai da kowa ya sani mijin Ƙoƙi, amma ba a dawa ba kuma ba a zamanin da ba, a nan Garwa ta Kamaru bayan shekara ɗari.

Abun ya samo asali ne daga wani tsohon littafi da na tsinta wajen masu baza littattafai a ƙasa a Ngaundere, fassarar Faransanci, bangonsa ma ya cire rabi. Spider-Man 2099 ne. Kamfanin Marvel ya fito da shi a 1992, Peter David ya rubuta Rick Leonardi ya zana, kuma ba Peter Parker ɗin da muka sani bane, wani ne daban Miguel O'Hara, masanin ƙwayoyin halitta dake aiki a kamfanin Alchemax a birnin da suka kira Nueva York. Abun da ya tsaya min a rai ba rigarsa bace, a wannan birnin har 'yan sanda ma na kamfani ne. Wato mutanen nan da suka tashi kai jaruminsu gaba sai da suka tambayi kansu wa zai mallaki garin a lokacin. Sai nace kai, su fa 1962 suka ɗauko gizo-gizo suka mai da shi jarumi, mu kuwa tun kafin a haifi kakan kakana muke da Gizo, intanet ɗin ma da ta zo sunansa muka laƙa mata, yanar gizo. To me muke jira.

1 ga Disamba 2024

Suna ya samu. Da 2125 na so sakawa sai naga kamar kwaikwayo ya yi yawa, na lissafa da shekarar Hijira ya faɗa 1550, tunda yanzu muna 1446. Na tura wa abokina mai shagon fotokopi ta WhatsApp, ya dawo min da cewa ashe labarin tarihi kake yi na zamanin dawakai da sulke. Na yi dariya har da riƙe ciki, kuma daga nan na yanke shawara sunan ya zauna kenan, littafin Gizo ai dole tun daga bango ya yaudari mutum.

Na zana shi sau goma sha ɗaya. Na ƙarshen ya yi kyau wallahi, ƙirji kamar ƙofar gida, rufin fuska mai ido takwas masu haske, ƙafafuwan ƙarfe huɗu suna fitowa ta baya. Ƙanena ya ce in ba shi ya sa a fuskar waya.

15 ga Disamba 2024

Iya ta wargaza min komai.

Bayan isha'i na je ɗakinta da kayen, tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa, na haska mata da wutar waya nace Iya ga mutuminki. Ta karɓa ta matso da shi kusa da ido, ta juya shi sama ta juya ƙasa, tace "wannan sojan ina ne?" Nace Gizo ne. Tace "Gizon wa? Kai dai maigidan nan nawa ban san ranar da za ka yi hankali ba, Gizo da wannan ƙirjin me zai yi da wayo? Wanda zai iya karya ƙofa ai ba ya koyon ƙarya." Ta miƙo min abuna ta ci gaba da ɓare gyaɗarta kamar bata yi komai ba.

Na so in yi musu, nace ai na nan gaba ne Iya, zamani ya canza, tace ko zamani ya canza yunwa bata canzawa, kuma Gizo ɗan yunwa ne, duk tatsuniyar da ta taɓa min ai da yunwa ko kwaɗayi take farawa, an yi fari, ko sarki ya yi gayya, ko ya hango abinci a gidan wani. Na zauna na tuna kuma haka ne. Bai taɓa kayar da kura da ƙarfi ba, bai taɓa dukan giwa ba, haɗa ta yayi da dorina suka yi ta jan igiya kowa na zaton da Gizo yake ja. Ga shi matsoraci ga ci ga rashin kunya, in asiri ya tonu ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Ni kuwa na ɗauko jarumin Amurka na shafa masa sunan Gizo kamar yadda ake canza wa moto lamba.

Da zan fita tace in ina so ta tuna min tatsuniyoyin in riƙa zuwa da dare, ita bata yi da rana sai an ɗaure Gizo. Na cire shafuka goma sha ɗayan nan na ba ƙanena duka, shi dai murna yake.

4 ga Janairu 2025

Hunturu ya sa aiki a gaba. Tawadar zane tana bushewa a bakin alƙalami kafin in kai ƙarshen layi, takarda kuma in na barta a tebur na je sallah na dawo sai in tarar ƙura ta kwanta a kai, in na share da hannu fensir ya dame. Yanzu cikin leda nake ajiye komai kamar mai sayar da kilishi.

Sabon Gizo siriri ne, ƙafafu kamar sillan kara, ciki ɗan tulu, riga ta yi masa yawa, sana'arsa hawa falwaya yana gyaran wayoyin sadarwa, rabi gyara rabi sata. Tambayar Iya nake bi yanzu, a 1550 yunwar mene ne za a yi a Garwa? Ban daɗe ina tunani ba, ruwa. Duk wanda ya tashi a arewacin ƙasar nan ya san ruwa iri biyu yake kashe mu, rashinsa da yawansa. Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100. A ɗaya gefen kuma ba a daɗe ba, Satumban 2024, ruwa ya ci Yagwa da kewaye, madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, 2012 kuma mu nan bakin Binuwai babu wanda ya manta. To garin labarina haka yake, wata tara kogi yashi ne zalla, wata uku kuma teku, masu hali sun haye saman dutsen Tengelen sun rufe kansu da gilashi, talaka a ƙasa yana sayen ruwa da kati lita-lita.

Na ƙirƙiro wata dabara da na ji daɗinta sosai, wai Gizo zai saƙa yana a saman gari ta riƙa tatsar ruwa daga hazo da dare, don na taɓa ganin ana yin haka da raga a Maroko da Chile. Na kai wa wani malamin kimiyya na lise, wato sakandare, da muke sallah masallaci ɗaya, ya saurare ni har ƙarshe yace malam, can hazonsu tururin teku ne, namu ƙurar Sahara ce, in ka shanya raga a hunturun Garwa buhun ƙasa za ka kwasa da safe. Shafi uku sun tafi kenan. Amma zan sa Gizo ya sayar wa wani attajiri da irin ragar a labarin, ai ba za a yi asarar ƙarya mai kyau ba.

19 ga Janairu 2025

Lahadi, na hau klando, wato moton haya, zuwa kasuwar Pitowa don kawai in zana fuskoki. Na samu wani dillalin awaki da hular da ta karkace da haƙori ɗaya na gaba, yana rantsuwa yana dariya lokaci guda, na zana shi sau huɗu a ɓoye daga bayan wata rumfa, inaga fuskar Gizo ta samu. A hanyar dawowa na sa mai moton ya kai ni gadar Binuwai na tsaya ina kallon masu wanki da masu ɗiban yashi da 'yan lambu a gefe. Ruwan ya ja baya sosai. Na zana gadar yadda take sannan na zana ta a 1550, ƙarƙashinta duk shaguna an jera jarkoki, kwale-kwale kuma an rataye su a jikin ginshiƙai ana jiran damina. Wannan shine zai zama shafin farko.

9 ga Fabrairu 2025

Alhamdu lillahi, daren jiya abun ya buɗe.

Matsalar da ta hana ni barci ita ce, in Gizo bashi da ƙarfi bashi da ƙarfe, to da me ya fi sauran mutanen garin? Shi Miguel ɗin can an ba shi farata da fiƙa da yana mai fita daga hannu, kowane jarumi da abun da ya keɓanta da shi. Ina ɗakin Iya tana min ta Gizo da 'yan matan sarki, ta zo wajen maganarsa sai ta canza murya ta koma tsamin bakin nan da take yi tun muna yara, ruwa ya zama yuwa, sarki ya zama shayki, ni da ƙannena muna ta dariya kamar ba mu taɓa ji ba. Kawai sai na ji kamar an kunna fitila a kaina.

A garin 1550 mai gadin ruwa ba mutum bane, na'ura ce, mutane suna ce mata Dodo. Tana zaune a babbar madatsa tana jin maganar kowa ta waya ta famfo ta fitilar titi, ta san muryar kowa, ka je famfo ka faɗi sunanka ta auna maka naka ta rubuta bashi, ka zage ta a ɗakinka gobe ta rage maka lita biyu. Mutum ɗaya ne tak bata gane maganarsa, Gizo. Tsamin bakin da ake masa dariya da shi tun yana yaro shine ya sa duk abun da ya faɗa sai ta rubuta wani abu daban, yau ta ɗauke shi tsohuwa gobe ta ɗauke shi yaro, a littafinta mutum arba'in ne shi kaɗai kuma kowanne da katinsa na ruwa. Na tashi tsaye a tsakar ɗaki ina tafa hannu, Iya tace a'uzu billahi yaron nan lafiya?

Kuma ni na san daga inda Dodon ya fito, labarin rijiyar Kusugu ta Daura ne, macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo ya sare kansa da takobi. Bambancin kawai nawa mutumin ko wuƙar yanka albasa ba a yarda a bar masa ba. Madatsar kuma da ta Lagdo nake kwatanta ta, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai injina huɗu megawat 72, ita ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, har yau. Na taɓa zuwa sau ɗaya da 'yan lekol, wato makaranta, abun da na riƙe shine ƙarar ruwan da yadda bangon yake sa mutum ya ji shi ƙwaro ne.

22 ga Fabrairu 2025

Rigima da ƙanwata. Na nuna mata tsarin Ƙoƙi, na mai da ita murya a cikin kunnen Gizo, na'ura mai ba shi shawara, don a littafin can ma Miguel yana da irin ta mai suna Lyla. Ta kalle ni sama da ƙasa tace yaya, wato mace ɗaya ce a labarin ita ma ka cire mata jiki ka cusa ta a waya? Kuma a tatsuniya wa yake noma wa yake daka in Gizo ya kwanta ciwon ƙarya? Ban da amsa.

Ƙoƙi yanzu makanikiyar famfo ce, doguwa siririya mai dogayen hannuwa kamar ƙwaron da aka samo sunanta, kullum da sifana a ɗamara da baƙin mai a zani. Ita ta san hanyar bututu na ƙarƙashin gari, ita ta san ƙaryar mijinta tun kafin ya buɗe baki, kuma bata son satar da yake yi amma da ruwan take girki. Ƙanwata tace a ƙara mata ɗan kunne. An ƙara.

16 ga Maris 2025

Azumi, zafi ya haura 40 kullum, gumi na ɗiga a takarda tawada ta baje. Shafi ɗaya da rabi cikin sati biyu. Sai bayan tarawihi nake iya riƙe alƙalami, shi ma in akwai kuran. Abu ɗaya na samu a ciki, mutanen 1550 da rana suke barci a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kasuwa da lekol da ɗaurin aure duk da dare, kenan kusan duk littafin baƙi ne da ɗigon fitilu, kuma tatsuniyar bata karya dokar Iya ba tunda da dare ake yinta.

12 ga Afrilu 2025

An yi sallah an huta, zanen fensir ya kai shafi 24, tawada 15. Yanzu na shiga rubutun cikin bul, ƙwan maganar nan da ke fitowa daga bakin mutum, kuma ban taɓa zaton nan ne wahalar take ba.

Na farko haruffa. Na ɗauki shafi a hoto na sa a ibisPaint, manhajar zane ta waya, don in buga rubutun da kyau, duk salon rubutun da ya dace da bede da na gwada babu ƙ babu ɗ babu ɓ, sai ya fito da ɗan akwati fanko a wurin, sunan Ƙoƙi ma kansa akwati biyu ne da o da i. In na cire lanƙwasar kuma akwai wurin da Gizo yake cewa ya ɓata, ya koma ya bata, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Na haƙura, da hannu zan rubuta komai, manyan baƙaƙe, na ja layi da fensir a kowane bul.

Na biyu kuma ya fi ciwo. Mu nan Faransanci muka yi a lekol, Hausa a baki take ba a takarda ba, a kasuwa kuma Fulatanci ne ke tafiyar da gari. Na ba wani ɗan kartiyenmu, wato unguwarmu, shafi ɗaya ya karanta da ƙarfi, Bahaushe ne uwa da uba, ya zo kan "cikin" ya karanta sikin, ya zo kan "ruwa" ya tsaya yana juya baki, don shi a waya tchikin da rouwa yake rubutawa. Na yi kwana biyu ina tunanin ko in bi rubutun Faransanci don mutanena su karanta cikin sauƙi, amma in na yi haka ɗan Yola da ɗan Mubi da ɗan Kano sun fita kenan, kuma can ne masu karatun Hausa suke da yawa. Na tsaya kan boko na asali, sai dai a cikin bango zan sa Gizo da kansa yana koyar da haruffa shida bakwai ɗin da ke rikita mu, da tsamin bakinsa, yana koyarwa yana kuskure Ƙoƙi na gyara masa. 'Yan kasuwa a labarin kuma na bar su suna jefa jam na da useko na Fulatanci, Garwa ce ai, ko bayan shekara ɗari ban ga abun da zai hana ba. Allunan shaguna na rubuta wasu da ajami.

Na uku shine daɗin aikin, ƙarar abubuwa. A littattafan da na karanta in an yi duka sai ka ga wasu haruffa manya da ba sa nufin komai a kunnena. Mu kuwa Hausa ta gama mana aikin tun tuni. Gizo ya faɗo daga falwaya, TIM. Ya faɗa tanki, TSULUM. Ƙoƙi ta kwaɗa masa sifana a ƙeya, ƘWAL. Rumfar kasuwa ta rushe, RUGUZUM. Famfon da ya kafe yana FUSSS, ɗigon ƙarshe kuma ɗis, ƙarami a kusurwar shafi shi kaɗai. Na yi awa guda ina gardama da ƙanena kan mari, shi yace TAS ni nace FAU, muka kai ƙara wajen Inna tace ku matso in gwada muku ku ji da kunnenku.

3 ga Mayu 2025

Asara. Shafi shida da na gyara a waya na share ƙurar fensir na cike baƙi, wayar ta mutu ana tsakiyar ɗauke wuta na kwana biyu, da aka kai wajen mai gyara yace sai an wanke ta. Na zauna a bakin shagonsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Allah ya taimake ni takardun asali suna cikin ledarsu. Daga yau abokina mai fotokopi zai riƙa min sikan a kwamfutarsa, 600 dpi baƙi da fari don layin ya fito tsaf, a ajiye a kile biyu, wato USB, ɗaya a wajensa ɗaya a wajena. A3 nake zane injinsa kuma A4 ne, sai mun ɗauki kowane shafi rabi-rabi mun haɗe.

Kawu ya zo ya tarar da ni a kai, ya daɗe yana kallo yace duk wannan zanen mutane da kake yi ka tambayi malamai kuwa? Nace Kawu na ji maganganu kala biyu a kai kuma zan ƙara tambaya. Bai ce komai ba, ya ɗauki shafin gada ya ƙura masa ido, can yace a nan wajen muke kama kifi muna yara, ya ajiye ya fita.

27 ga Mayu 2025

Na ga labarin rasuwar Peter David, ranar 24 ga wannan watan, yana da shekara 68. Mutumin da bai san akwai wani gari Garwa ba amma littafinsa mai yagaggen bango ya sa ni wannan wahalar. Na ɗauko shi na sake dubawa.

Ƙarshen labarina ne ya ƙi zama. Yadda na tsara da farko, Gizo ya rikita Dodo har ta buɗe duk famfunan gari, mutane suna ta guɗa an ɗaga shi sama, bakan gizo ya fito a shafin ƙarshe. Na karanta wa Iya tace to shi me ya samu? Nace godiya. Tace Gizo? Godiya? Ta yi dariya har da tari. Ni kuma gaskiya ina so yara su so shi, bana son in ba su ɓarawo zalla. Mun yi ta ja kusan sati. Abun da na tsaya a kai yanzu, shi don kansa ya shiga, niyyarsa ya karkatar da ruwan zuwa wani tsohon tanki ya riƙa sayarwa a bayan fage da tsada, Ƙoƙi ce da ya sa ta haɗa bututun ta haɗa shi da gangan zuwa famfunan unguwa. Gari ya waye kowa na sha kyauta kowa na yi wa Gizo kirari, shi kuma yana tsaye a tsakiya yana murmushin dole hawaye na zuba don jarinsa ne ke malala a ƙasa, ga shi ba damar ya faɗa. Bakan gizon na bar shi, amma ƙarami, kuma wata tsohuwa a gefe tana cewa ga shi can zai shanye mana ruwan. Iya tace yanzu ka fara magana, amma ita da ita ce da sai an kama shi an zane shi tukuna.

21 ga Yuni 2025

Tawada ta ƙare shafi 24 cif, rubutu saura huɗu. Na zaga ampirimri uku, wato gidajen buga littattafai. Abun da na koya, littafin da ake ɗinkewa da ƙusar tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu don kowace takarda in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa, to ni da na ƙara shafin koyon haruffa da na godiya na koma 26, ko in cire biyu ko in ƙara biyu. Na ƙara, 28 kenan, zan cike da zanen Gizon farko mai ƙirji da maganar da Iya ta faɗa a kansa a ƙasa. Kala kuwa kuɗin da aka faɗa min ko a mafarki, bango kaɗai zai samu, shi ma mai injin ya gargaɗe ni shuɗin da nake gani a waya ba shi zai fito a takarda ba, allo da haske yake haɗa kala inji kuma da tawada huɗu. Wata matsalar, littafin dare ne baƙi ya yi yawa, mai fotokopi yace shafi na 9 kaɗai zai shanye masa hodar inji ta kwana guda, sai dai in rage baƙin da ɗigo-ɗigo da layi. Na ce to. Girman A5 za mu yi. Ina tunanin 500 sefa kowane ɗaya, ƙanwata tace ɗan lekol ba zai ba da kuɗin abincinsa na kwana biyu don Gizo ba, a mai da shi 300, lissafi kuma yace a 300 faɗuwa zan yi.

13 ga Yuli 2025

Mun buga guda goma na gwaji daren Juma'a, ruwan sama ya tare mu a shagon har ƙarfe goma sha ɗaya muna naɗewa muna ɗinkewa. Jiya na tara yaran gidanmu da na maƙwabta a zaure na raba musu na koma gefe na yi shiru. Biyu sun tsallake shafin haruffa sun tafi kai tsaye wajen TSULUM. Wata 'yar shekara goma ta karanta maganar Gizo da ƙarfi, da ta gane yuwa ruwa ne ta fashe da dariya ta koma farko tana yi wa sauran da muryar, kafin magariba duk layinmu yara na cewa a ba su yuwa. Wani kuma ya tambaye ni ina ƙarfin nasa yake, yaushe zai yi faɗa, da nace babu sai ya ajiye ya tafi ƙwallo.

Kurakurai da aka gano: shafi na 14 da 15 sun musanya wuri, Ƙoƙi tana da sifana a hannun dama a gida ɗaya a na gaba ya koma hagu, na rubuta Dodo da ɗ a wuri biyu, kuma babu wanda ya gane cewa mutum arba'in ɗin nan duk Gizo ne sai da na yi bayani da baki, kenan shafi na 11 sai an sake shi gaba ɗaya, inaga zan nuna katunan a jere a cikin hularsa kowanne da sunan da Dodo ta ji. Iya ta karɓi nata ta sa a ƙarƙashin filo, bata karanta boko amma tace a ƙara a ƙarshe ƙurunƙus kan kusu ba don Gizo ba da na yi ƙarya, na manta da shi sam, kuma babu fili a shafi na 28 sai na matse bakan gizon. Takardar A3 saura guda biyu, gobe in an buɗe kasuwa zan sayo.